Gwaggo da Ta'aziyyar Baba Jan Biro

A gidan jaridar nan babu wanda yake son Gwaggo ta tambayi lafiyarsa. In ta tsaya a gaban teburinka ta ce, "Ya na ga ka faɗa haka?" sai ofis ya ɗauki dariya, wani ya ce maka ka je ka sallami iyali, an fara rubuta naka. Ita ce mai shafin baya, inda ake buga sanarwar rasuwa da ɗan tarihin mamaci. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a gidan. Daga Edita har mai gadi Gwaggo suke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Tana budurwa ta shigo, mai buga tafireta, lokacin da injin buga jarida yake ƙasan bene, in ya tashi har kofin shayi sai ya yi rawa a kan tebur. A nan ta faɗa hannun mai gyaran rubutu, wani siririn dattijo da ake kira Baba Jan Biro, don ba a taɓa ganin aljihunsa babu jan biro ba. Mutumin nan bai iya lallashi ba. Sai ya dawo mata da shafi ya yi ja kamar an yanka kaza a kai, ya ajiye bai ce uffan ba, ta shige bayi ta sha kukanta ta fito ta sake bugawa. Ranar da ta yi kuskure a sunan wani mamaci kuwa, ranar ya yi magana.

"Ke yarinya, mai rai in kin ɓata sunansa gobe zai zo ya yi mana tijara, mu gyara. Mamaci sau ɗaya ake buga shi. Ki kiyaye."

Ta kuwa kiyaye. Da mai shafin baya ya yi ritaya, Baba da kansa ya je wurin Edita na wancan zamanin ya ce a ba ta. Shi ya koya mata aikin da jama'ar waje ba su san ana yi ba: in mutum ya manyanta, ko ciwo ya kwantar da shi, ana rubuta tarihinsa tun yana numfashi, a ajiye a aljihun tebur, a bar gurbin rana da na lokacin jana'iza. Ba fatan mutuwa ba ne. Ranar da abin ya faru dangi suna kuka, injin yana jira, ba wanda zai tsaya ya gaya maka shekarar da mamaci ya fara aiki. Aljihun teburin Gwaggo na ƙasa cike yake da irin waɗannan takardu, makullinsa yana jakarta.

A haka ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta uku, ta aurar da su. Maigidanta bakanike ne, mutum mai barkwanci. Duk ranar da suka saɓa sai ya ce, "To, ni dai ki rubuta cewa na yi haƙuri da ke, kada ki manta wannan layin." Ita kuma ta ce ai nasa layi biyu ne, ba zai ci wuri ba.

Ranar da Baba Jan Biro zai bar aiki, bayan an gama 'yan jawabai an watse, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya ce ta ɗauko takarda ta rubuta nasa. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Ya ce ba shawara yake nema ba.

Sai ya yi mata bayanin da bai taɓa yi wa kowa ba. Shi baƙo ne a garin, aiki ya kawo shi. Danginsa na can nesa sun ƙare, shi da matarsa kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Jama'arsa kaf su ne mutanen jaridar: tsofaffin masu injin, masu jera haruffa, direbobin da suke raba jarida, dillalai, 'yan rahoton da suka tsufa suka koma garuruwansu. Duk sun warwatse, ba ya da lambar rabinsu. Amma ya san abu ɗaya: kowannensu in ya sami jarida, shafin baya yake fara buɗewa ya ga wa ya riga shi.

"Abu ɗaya nake roƙonki," ya ce. "Ranar da na tafi, ki sa sunana a shafinki, daidai, da lokacin jana'iza, da wuri yadda za su iso. Kada a ɗauke ni da mutum huɗu kamar kayan da aka tsinta. Kada Mamanku ta zauna ita kaɗai a tsakar gida."

Ta yi masa alkawari. Ta rubuta, ya karɓa, ya ciro jan biro ya soke kalmar "haziƙi" da ta sa masa, ya ce wannan ba labari ba ne, ra'ayi ne. Ya gyara waƙafi guda, ya miƙa mata. Ta sa takardar a saman sauran, ta kulle.

Shekaru suka ja, jarida ta fara mutuwa a tsaye. Wannan gaskiya ce, ba a ɓoye ta. Dillalai suna dawo da ɗauri-ɗauri ba a ko kwance igiyar ba, masu talla sun gudu, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Sai masu gidan suka ɗauko wani mutum daga waje, wai shi ne zai mayar da jaridar kan intanet ya tsara abin da za a riƙa bugawa. Magidanci ne mai fara'a, mai tsabta, ga turare. Ba ya jimla biyu bai ce "dabararmu" ba, don haka kafin sati ya fita an raɗa masa Malam Dabara. Ya sa aka kafa ƙaton allo a bangon ɗakin labarai, yana nuna labarin da mutane suka fi dannawa a wayoyinsu. Daga ranar kowa ya daina kallon Edita, allo ake kallo. Shi kansa Edita allon yake kallo.

A ba shi haƙƙinsa, Malam Dabara ya san aikinsa, kuma ba don shi ba da wataƙila an rufe gidan. Amma mutum ne da in kana masa magana yake gyaɗa kai yana murmushi, idonsa na kan wayarsa, ka gama ka tafi bai ji ko kalma ɗaya ba. Irin wannan ya fi mai zagi ciwo.

Ya tara ma'aikata a ɗakin taro don koya musu sabuwar manhajar da za a riƙa zuba labarai a ciki. Ya ce daga yau babu sauran ajiye rubutu a aljihun tebur, duk abin da aka rubuta dukiyar gida ce, a zuba shi a rumbun kwamfuta. Wani ɗan rahoto mai neman suna ya ce ai Gwaggo tana da taska guda. Aka yi dariya. Malam Dabara ya ce madalla, ta kawo ɗaya a yi misali da shi. Gwaggo ta ce waɗannan ba na misali ba ne. Edita ya ce, "Haba Gwaggo, kawo mana ɗaya kawai, kada ki tsayar da taro." Ga ido ya yi mata yawa. Ta je ta buɗe, ta zaro ta sama ba ta ko duba ba, ta miƙa. Sai da rubutun ya fito a bango ta ga ta Baba ce.

Manhajar ta ƙi ajiye rubutun. Akwai wani gurbi da dole a cika, na ranar da labari zai fita. Gwaggo ta ce, "To wace rana za a sa wa mutuwar mutumin da yake gidansa yana shan shayi?" Aka sake dariya. Malam Dabara ya ce ƙaramin abu ne, a sa rana mai nisa, in an tashi taro a cire. Ya danna mafi nisan da manhajar ta yarda, shekara guda, rubutu ya shige. Aka tafa masa.

Gwaggo ba ta ƙara ba da ko takarda ɗaya ba. Washegari ta same shi ta ce a cire na Baba, ya ce yanzu-yanzu. Bayan sati ta koma, ya ce yana sane. Ta sake komawa, ya ɗago yana murmushi ya ce, "Gwaggo, an gama da wannan tuni, ki kwantar da hankalinki." Ita kuma ba ta da hanyar dubawa, don an ba kowa iyakar inda zai iya shiga a manhajar, nata bai kai can ba. Ta yarda da maganarsa. Babba ne, da bakinsa ya faɗa.

Kafin shekarar ta zagayo an yi wa gidan aski. Jaridar takarda ta koma fita sau ɗaya a sati, shafin baya aka sayar wa masu tallan katifa. Sanarwar rasuwa ta koma intanet, aka yi ta shela cewa mai son sanin wanda ya rasu ya duba waya. Tsofaffin ma'aikata suka koyi sa 'ya'yansu su riƙa duba musu. Ita kuwa Gwaggo, matar da ta shekara talatin tana raka matattu da mutunci, aka ƙara mata aikin rubuta "Abubuwa bakwai da ba ka sani ba game da barci". Tana rubutawa tana tsaki, har na kusa da ita ya saba.

Wata safiya tana cikin bas za ta aiki, wayarta ta yi ƙara, ta matar da ke gefenta ma ta yi. Sanarwar jaridarsu ce: tsohon mai gyaran rubutu, wanda aka fi sani da Baba Jan Biro, ya rasu. Ta fara salati, hawaye ya zubo, sai kuma ta tsaya. Wa ya buga, ita ba ta sani ba? Ta buɗe. Kalmominta ne, ga waƙafin da ya gyara, ga gurbin lokacin jana'iza fayau babu komai. Nan take ta gane: shekarar nan ce ta cika, kuma ba a cire rubutun ba. Ta buga jikin motar ta ce a sauke ta.

Gidan Baba yana can ƙarshen wani lungu, ɗaki biyu da 'yar tsakar gida. Ta same shi zaune a kan tabarma da kofin shayi, ciwon ƙafa ya hana shi fita amma ransa garau. Matarsa, wadda duk 'yan jarida suke kira Mama, tana tsaye da waya a kunne tana rantse-rantse cewa ga shi nan a gabanta yana hararar ta. Gwaggo ta kira ofis ta ce a sauke labarin. Aka ce Malam Dabara bai iso ba, kuma shi kaɗai ke da ikon saukewa.

Kafin azahar lungun ya cika. Wallahi sun zo. Tsohon shugaban masu injin ya zo, jikansa na riƙe da hannunsa don idonsa ya tafi. Direbobi sun zo, dillalai sun zo, wani ɗan rahoto da aka ɗauka ya mutu tuntuni ya sauko daga motar haya da sandarsa, tun da ya ji labarin da safe yake hanya. Babu wurin zama, tsofaffi suna tsaye a rana, wasu sun jingina da bango. Duk wanda ya shigo da kuka sai ya yi turus ya ga mamaci yana miƙo masa hannu. Aka yi salati, aka yi dariya har da riƙe ciki, aka yi ta tsokanar Baba cewa ko mutuwar ma sai da ya mayar da ita a gyaro. Shi ma ya yi dariya, ya kira kowa da sunansa, bai manta ko ɗaya ba. Mama kuwa kunya ta ishe ta, baƙi a tsaye, ba ta shirya komai ba.

Da yamma, bayan an watse, Baba ya kira Gwaggo. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Kin ga yawansu?"

"Na gani, Baba."

"Wancan makahon, sai da aka ɗauko shi. Mai sandan nan, kwana zai yi a hanya kafin ya koma. Waɗannan ba mutanen da za su iya zuwa sau biyu ba ne, 'yata. An kashe min jama'ata a banza."

Ta durƙusa ta ce ya yafe mata, ta rantse masa za ta gyara, in ranar gaskiya ta zo za su dawo ko da ita za ta bi su gida-gida. Ya dai dafa kanta.

Washegari ta shiga ofis a cike. Ta tarar da Malam Dabara a gaban allo, bakinsa har kunne. Labarin Baba ne a sama, ba a taɓa danna wani labari nasu haka ba. Bai sauke shi ba. Ya dai sa an rubuta a samansa cewa kuskure ne, sannan ya fitar da sabo, da manyan haruffa: "Bai Mutu Ba! Dattijon da Ya Karɓi Gaisuwar Mutuwarsa". Wani ya ɗauki bidiyon tsofaffin nan suna kuka suna komawa dariya, an ɗora. Yanzu kuma so yake Gwaggo ta koma ta yi hira da Baba, tunda da ita ya saba.

"Ka ce min ka cire," ta ce.

"Gwaggo, kuskure ne na manhaja, kuma mun mayar da shi alheri. Dubi allo."

"Ba manhaja na tambaya ba. Kai na tambaya, sau nawa, ka dube ni ka ce an gama. Da bakinka. Ƙarya ka yi min ko mantawa ka yi? Zaɓi ɗaya in ji."

Kowa a ɗakin ya juyo yana kallonsu. Ya ce ta yi magana a hankali, akwai ma'aikata. Ta ce ai don su ji take yi. Ta ce mutumin da ake wa dariya a wayoyi shi ya koya wa rabin ɗakin nan inda ake sa aya, har da wancan da ke ɓoye a bayan ƙofarsa. Edita ya ji sarai, ya ƙi fitowa. Ta ce abin da take so layi uku ne: mun yi kuskure, muna ba Baba da iyalinsa haƙuri, a sauke bidiyon. Malam Dabara ya ce dabararsu ba ta yarda a sauke abin da yake tafiya ba. Ta wanke shi tas, ta kira shi marar kunya a gaban kowa, shi kuwa yana gyaɗa kai, ko a jikinsa. Aka ba ta hutun dole na sati biyu saboda rashin ladabi. Bidiyon ya ci gaba da yawo. Yaran lungun Baba suka koma kiransa Mai Rai Biyu, in ya leƙo ƙofa su ruga suna ihu. Ya daina leƙowa.

Maigidanta ya ce ta bar aikin mana, ba yunwa za su yi ba. Ta ce ba inda za ta. In ta tafi, wa zai sa sunan Baba in ranar ta zo? Ta koma ta zauna a teburinta, tana rubuta musu abubuwa bakwai-bakwai, ba ta gaishe da Malam Dabara, shi kuma kullum sai ya gaishe ta da fara'a, abin da ya fi komai ƙona mata rai. Duk ƙarshen sati tana zuwa gidan Baba. Ta fara tattara lambobin tsofaffin da suka zo, waɗanda ta iya samu.

Bayan 'yan watanni, wata safiyar farkon sati, Mama ta kira. Muryarta a daƙushe. Ta ce wannan karon da gaske ne, ya cika bayan asuba, za a yi jana'iza da la'asar.

Gwaggo ba ta tsaya kuka ba. Ta isa ofis kafin masu shara su gama, ta cike gurbin rana da lokaci, ta danna a fitar. Manhajar ta ƙi. Tun abin da ya faru an kafa sabuwar doka: ba a fitar da sanarwar rasuwa sai Malam Dabara ya amince da kansa. Ka ji fa. Shi ya yi ɓarnar, ita aka ɗaure wa hannu.

Yana ɗakin taro da masu talla. Ta jira a bakin ƙofa, rana tana ɗagawa, tana lissafin mai sandan nan da nisan garinsu. Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta tura ƙofar ta shiga. Ya fito da ita waje yana ba baƙinsa haƙuri. Da ya ji, ya yi ta'aziyya, har ya dafa ƙirji, kuma ta ga alamar ya ji ba daɗi. Sannan ya ce sai an tabbatar. Ta ce matarsa ce ta kira ta, gawar tana ɗaki. Ya ce to, zai duba yadda ya fi dacewa.

Abin da ya ga ya fi dacewa shi ne wannan. Ba za a buɗe sabon labari ba, don injinan bincike na intanet ba sa son labari iri ɗaya sau biyu, kuma tsohon shafin ya riga ya yi suna. Za a gyara tsohon ne, a ƙara rana da lokaci. Sanarwar da take sa wayoyi ƙara kuwa ba za a aika ba, don in suka sake cewa mutumin nan ya mutu, mutane za su yi musu dariya, sunan jarida zai zube.

"Sunan jarida," ta ce. "Wanda ya rage?"

"Gwaggo, ki fahimce ni. Mun riga mun yi wannan labarin."

Ta dube shi. Da a ce tana da abu a hannu da ta jefe shi da shi, kuma da ba ta yi nadama ba. Ta ce, "Ba labari ba ne, kira ne. Mutane ake kira su zo su ɗauki ɗan'uwansu. In wayar ba ta yi ƙara ba, wa zai sani?" Ya ce yana da baƙi, ya koma ciki. Ta buga ƙofar Edita. Edita ya ce shi yanzu ba ya sa baki a harkar intanet, amma in Allah ya kai mu ƙarshen sati za a sa a takarda, da hoto. Ƙarshen sati, ga mutumin da za a binne da la'asar.

Aka gyara tsohon shafin. 'Yan kaɗan da suka gani suka cika ƙasansa da sharhi. Wani ya rubuta, "Ya sake mutuwa?" Wani ya ce a jira zuwa yamma zai tashi ya sha shayi. Wani ya ɗora bidiyon nan.

Gwaggo ta zauna a matakalar bene ta fara kiran lambobin da ta tara. Ɗan shugaban masu injin ya ce, "Gwaggo, kin tabbata? Wancan karon sai da mahaifina ya kwanta sati bayan mun dawo. Bari mu ji daga wani wurin tukuna." Wani direba ya yi dariya ya ce ba za a kama shi sau biyu ba. Ta rantse masa da Allah, ya ce to ai yanzu ko ya taso ba zai iso ba. Mai sandan nan wayarsa a kashe. Wani dillali ya ce, cikin sanyin murya, "Ai mun riga mun yi masa, Gwaggo. Da ransa muka yi masa, ya ji da kunnensa. Allah ya jiƙansa." Ba ta iya jin haushin ko ɗayansu ba, kuma wannan ya ƙara mata wani haushin, don ba ta da inda za ta sauke shi. A cikin ofis kuwa, ɗan rahoto ɗaya ne ya ce zai zo in ya gama abin da yake yi. Bai gama ba.

Da ta isa lungun, abin da ta fara gani bencina ne. Mama ba ta manta kunyar wancan karon ba. Tun da safe ta aika maƙwabta suka aro mata bencina da kujeru daga makarantar da ke bakin titi, aka jera su tun daga ƙofar gida har tsakiyar lungu, aka ɗaura rumfa don kada tsofaffi su sake tsayuwa a rana. Ta sa an dafa abinci a manyan tukwane. Gwaggo ta wuce ta tsakanin bencinan nan, babu kowa a kai sai wata akuya da ta kwanta a inuwar ɗaya.

Da la'asar aka fito da shi. Maƙwabta ne, da mai shagon bakin lungu, da maigidan Gwaggo wanda ya rufe garejinsa ya zo da ma'aikatansa biyu, da man inji a hannunsu. Da ba don su ba da masu ɗauka ba su sami masu karɓarsu ba. Daga gidan jaridar da ya ba shekara arba'in, mutum ɗaya ne ya zo, ita ce, kuma tana tsakar gida.

Suka zauna ita da Mama, tukwane a rufe. Duk motsin da aka yi a lungu sai Mama ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Har rana ta yi sanyi ba ta daina ba. Can ta ce, ba tare da ta kalli Gwaggo ba:

"Jiya da yamma ya yi maganarki. Ya ce in gaya miki bai riƙe ki ba, ba laifinki ba ne."

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi.

"Saƙonsa ke nan, na isar," in ji Mama. "Ni kuwa ina riƙe da ke. Amana ya ba ki, ya ce ki kulle. Hannunki ne ya buɗe ya miƙa musu."

Gwaggo ba ta kare kanta ba. Tana iya cewa Edita ne ya matsa, tana iya cewa an yi mata ƙarya, duk gaskiya ne, amma ba ta ga amfaninsu a tsakar gidan nan ba. Ta ce, "Haka ne, Mama."

Har yau tana gidan jaridar, saura kaɗan ta yi ritaya. An ƙara wa Malam Dabara girma. Aljihun teburinta na ƙasa babu komai a ciki yanzu, ta kwashe takardun ta kai gida, kuma ba wanda ya isa ya tambaye ta. Masu tsokanarta a kan tambayar lafiya sun daina, don ta daina tambaya.

Amma a ranar jana'izar, kafin magariba, Mama ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta ta ce masu makaranta suna son kayansu kafin safe, yara za su zauna. Mazan ba su dawo daga maƙabarta ba tukuna. Ta kama gefen benci ɗaya, ta dubi Gwaggo.

"Kama can. Mu mayar wa mutane abinsu."

Gwaggo ta kama. Suka fita da shi lungu, su biyu, suka dawo suka ɗauki na gaba.